Ƙafa a Dangwali Daga Damagaram Zuwa Haɗeja

Tun da muka dawo daga Damagaram bakina bai huta ba. In na je tasha a tare ni, in na fito daga masallaci a tare ni, tambayar kuma ɗaya ce: "Malam Buba, wai da gaske motar nan ita ke sa wa kanta giya?" Na ba da amsa har na gaji, ga shi labarin ya fara ƙiba a bakin mutane, don jiya na ji wani yana rantsuwa wai a Gujungu tayoyinmu ba su taɓa ƙasa ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi sau ɗaya yadda ya faru. Motar dai kun san inda take, tana gidan Alhaji Modu a ƙarƙashin tampol, kaji na shan inuwarta. Abin da ba ku sani ba shi ne kwana biyun da na yi da ita a hanya.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne na ja babbar motar Alhaji Modu shekara goma sha tara, wadda aka rubuta wa Mai Haƙuri a goshi. Kifi banda muke ɗaukowa daga Guri da ƙauyukan fadama mu kai Kano. Alhaji Babarbare ne, ni kuwa jikan Fulani ne, unguwa ɗaya muka tashi. A wajen aiki ubangidana ne, a wajen baki kuwa bawana ne, shi ma haka yake faɗa a kaina. Shekara uku ke nan, da damina, Mai Haƙuri ta kafe a laka bayan Guri. Na shiga ƙarƙashi ina gyara katako, jak ya zame, ta sauko mini a gwiwar hagu. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa har na tashi ina tafiya da sanda, amma kulocin babbar mota sai ƙafa mai ƙarfi. Sau biyu na gwada, ƙafar ta yi ta rawa ta kasa kai shi ƙasa. Daga nan na koma benci a rumfar Alhaji ina duba lodi, wani yana jan motata.

Ba bencin ne ya fi ci mini rai ba. Gidana yana daf da kwanar da ake shigowa gari daga hanyar Malam Madori. Duk dawowata daga Kano, in na iso kwanar nan sai in mayar da giya firi, in ba mota wuta sau biyu, sannan in sa ta biyu. Sauran direbobi sau ɗaya suke yi, ni dai haka hannuna ya saba. Matata Hajara ta san wannan muryar. Da ta ji ta sai ta ɗora ruwan wanka, kafin in kai mota tasha in tako gida ya yi zafi. Ba mu taɓa yin zancen ba, ni da ita. Bayan na daina tuƙi sai na lura in Mai Haƙuri ta zo kwanar da yamma, Hajara takan ɗaga kai daga tankaɗe ta saurara. Sabon direba ya gurza giya kamar mai niƙan tsakuwa, sai ta mayar da kai ta ci gaba da aikinta. Na fi son a mare ni da in ga wannan ɗaga kan.

Ana nan, ran wata Talata Alhaji ya same ni a benci ya ce, "Ɗan Fulani, shirya, jibi za ka raka ni Faransa." Haka muke ce wa Nijar har yanzu. "Wani Nasara likitan dabbobi zai koma ƙasarsu, yana sayar da motarsa. Kunnenka nake so ka ara mini ka saurari injin. Sauran jikin naka ba ni da aiki da shi."

Na ce, "To wa zai jawo ta? Kai ko jaki ba ka iya kora ba."

"A can za mu sami direba," in ji shi.

Ran Alhamis muka bi motar 'yan kasuwa zuwa Maigatari. Wanda bai taɓa tuƙi ba, ba zai san azabar da direba ke sha a kujerar fasinja ba. Tun daga Haɗeja har Gumel ina taka birkin da babu shi, ina cije leɓe duk sanda mutumin ya makara wajen canza giya. Daga Maigatari muka shiga wata akori-kura da ta yi lodin gishiri da mutane da akuya biyu. Iyakar ma ba ka ganinta, wani jandarma ne kawai a gindin bishiya da tebur, ya duba takardunmu ya buga hatimi. Daga nan sai rairayi. Sau uku muka kafe, kowa ya sauka turi ban da ni mai sanda da Alhaji mai tumbi, shi aikinsa ba da umarni.

A Damagaram gidan wani ɗan uwan Alhaji muka sauka, Malam Kyari, mai sayar da kanwa. Mutanen kirki ne, Hausarsu kuma tamu ce, sai dai sun zuba mata barkonon Faransanci. Kwalta a wurinsu gudro ce, kowane ma'aikaci kuma mushe ne. Da safe aka kawo mana wani burodi dogo mai tauri, Alhaji ya miƙo mini ya ce in riƙe da kyau, in mun koma in kora shanu da shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne barcin ranarsu. Da rana ta take, ofis da kanti da gareji duk a rufe, gari ya yi tsit sai wajen la'asar. A Haɗeja in ka rufe rumfa a wannan lokacin sai a zo yi maka jaje. Shayin Buzaye kuwa ƙoƙo uku ne dole, na farko ɗaci kamar maɗaci, in ka sha ɗaya ka tashi ka yi rashin kunya.

Kwana biyu muka yi muna jiran Nasaran ya dawo daga daji, a na uku aka kai mu. Motar ja ce, tsayinta bai wuce ƙuguna ba, hancinta dogo, kujera biyu rak. Na dubi Alhaji, mutumin da in ya tashi zuwa biki sai an yi sawu biyu da iyalinsa, na ce, "Babarbare, wannan ai takalmi ka zo saye." Bai kula ni ba. Makanikin da ke kula da ita, wani dattijo Malam Isufu, ya tayar da injin. Na sunkuya na kasa kunne. Lafiya lau, ba tari ba atishawa, wani irin gurnani take yi ƙasa-ƙasa har kana jin sa a ƙirji. Sai na leƙa wajen ƙafafu, na ga abin takawa biyu kacal. Na ƙara leƙawa.

"Malam Isufu, an cire kulocin ne?"

"Haka aka haife ta," in ji shi, yana dariya. Ya nuna mini wani ƙarfe a tsakanin kujerun. "Ka ja nan, gaba ke nan. Nan baya. Nan firi. Waɗannan na ƙasa, biyu da ɗaya, na hawan dutse ne, ba ruwanka da su. Kai dai taka totur, ita ta san sauran."

"Ƙafar hagu fa?"

"Ta huta."

Na ɗago na dubi Alhaji. Ya zaro goro yana ta jujjuya shi kamar bai taɓa ganin goro ba. Na ce, "Ina direban da ka ce za mu samu?"

"Na nema," in ji shi, "duk suna barcin rana. Sai dai in yi maneji da kai."

Ban ce masa na gode ba, don da na faɗa da ya zage ni. Amma na san abin da ya kawo mai kifi Damagaram sayen mota mai kujera biyu, sai kawai na koma na sake sauraron injin da na riga na gama saurara.

Washegari da hantsi muka kama hanya. Ba mu bi ta rairayi ba, don cikin motar a ƙasa yake, muka zaɓi kwalta ta Matamai da Daura ko da ta fi nisa. Shigar da Alhaji ciki ma aiki ne, sai da aka naɗe babbar rigarsa aka cusa masa a cinya. Na zauna, na riƙe sitiyari. Na ja ƙarfen na saki birki, sai ga mota tana tafiya da kanta kamar wadda ta san hanya.

Ba mu fita gari ba aka yi ta farko. Injin ya ɗaga murya, kunnena ya ce lokacin canji ya yi, kafin in yi tunani ƙafar hagu ta zabura ta nemi kuloci. Abin da ta samu birki ne, shi kuwa faɗi gare shi kamar faranti. Mota ta tsaya cak. Hular Alhaji ta yi gaba, goshinsa ya bi ta, goro ya watse. Hannuna na hagu kuma ya tafi neman giya ya daki ƙofa, don a Mai Haƙuri giya a hagu take, nan kuwa sitiyarin ma a hagu yake.

"Innalillahi!" in ji Alhaji yana dafe da goshi. "Ƙafar da ta ƙi mini aiki shekara uku, yau ta tashi kashe ni?"

Na rantse ba zan sake ba. Kafin mu yi nisa na sake, sau biyu. Ba na ma sanin ta tashi sai na ji Alhaji ya yi salati. A wata 'yar kasuwa ta bakin hanya ya ce in tsaya. Ya fita da kyar, ya nufi inda Fulani ke zaune, ya dawo da dangwali, igiyar nan da ake ɗaure maruƙa in za a tatsi iyayensu. Ya durƙusa da kansa, Alhaji guda, ya zarga mini ita a idon sawu ya ɗaure a ƙarfen kujera.

"An ce sabo turken wawa," in ji shi. "To ga turke, ga wawa. Da ma Bafulatani ai sai da dangwali."

Da ƙafa ta ɗauru sai tuƙi ya yiwu. Hanya ta miƙe, ba kowa sai jakuna jefi-jefi. Na fara da lallaɓawa, ina jin yadda take canza giyarta a hankali, ba gurza ba girgiza. Sai zuciya ta ce, Buba, shekara uku fa. Na danna totur har ƙasa. Ta ɗan yi jim, ta sauke wa kanta giya, ta yi wata kururuwa, sai na ji kujera ta tokare ni a baya. Bishiyoyi suka fara zuwa da gudu. Allurar agogon gudu ta wuce inda na Mai Haƙuri ya ƙare tana neman ƙari. Na shiga wata doguwar kwana ina jiran ta karkata kamar yadda babbar mota ke yi, ta ƙi, ta manne da ƙasa ta bi. Alhaji ya bar Hausa ya koma addu'a da Barbarci. Ni kuwa dariya nake yi, irin wadda na manta ina da ita, hawaye na zubo mini ban damu in share ba. Wallahi na ji daɗi. Ban san yawan ƙishin da nake ji ba sai da na sha.

Amma tun da gaskiya na zauna faɗa, bari in ƙarasa. Da gudun ya lafa sai na ji wani abu ya rage. Da Mai Haƙuri hira muke yi. Ta yi nishi in ji, in sauke mata kaya da giya, ta gode. In na yi kuskure ta gaya mini a gaban fasinja. Wannan kuwa ba ta shawara da kowa. Kafin kunnena ya gama ji ta riga ta yanke hukunci, kuma ba ta kuskure. Na zama kamar baƙo a gidan masu arziki, an ba ka komai amma ba a bar ka ka ɗauke ko kwano ba. Ƙafar kuma tana can ƙasa tana ta fizgar igiya.

A iyaka muka sha kallo. Jandarman da ya zo duba takardu ya leƙo ta taga, idonsa ya sauka a kan ƙafata. Ya ja da baya, fuskarsa ta canza.

"Mushe, wa ya ɗaure ka?"

Kafin in buɗe baki Alhaji ya ce, "Ni ne. Bawana ne, gudu yake yi."

Nan take aka ce mu fito. Ni kuma ba na iya fita, ƙullin ya cije. Jandarmomi uku suka kewaye Alhaji, ɗaya har ya kama masa hannun riga, ni ina ciki ina rantsuwa cewa da yardata aka ɗaure ni, wanda ya ƙara ɓata lamarin. Allah ya taimake mu babbansu ya fito, wani mai furfura. Ya dubi zanen fuskar Alhaji, ya dubi hancina, sai ya fashe da dariya.

"Ku sake shi," in ji shi. "Babarbare ne da Bafulatani. Wannan shari'ar ta fi ƙarfin gwamnati."

Har ruwan sanyi ya sa aka kawo mana. A ɓangarenmu kuwa ma'aikatan ba su ga igiyar ba ma, kulocin suka yi ta nema, kowa ya leƙa ya kira ɗan uwansa. A Daura muka kwana gidan wani abokin cinikin Alhaji, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, na ci kamar wanda ya shekara a waje.

Kashegari Alhaji ya sake ɗaure mini ƙafa, muka ratsa gefen Kano muka ɗauki hanyar gida. Bayan Gezawa na sake ba ta wuta, yanzu da gangan, ina wasa da ita, na gane in na ɗan sassauta ƙafa kafin kwana na danna a tsakiya sai ta fita kamar kibiya. Alhaji ma ya saba, har yana cewa in wuce wancan, in wuce wancan.

Muna dab da Gujungu na hango wata babbar mota a gaba, ba kaya, tana tafe tana rangaji. Tun daga nesa na gane ta. Katako na uku a ƙofar bayanta ni na sa shi da hannuna, launinsa bai taɓa dacewa da sauran ba. Mai Haƙuri ce ta sauke kifi a Kano tana komawa gida.

Na ɗaga ƙafa. Na bi bayanta a hankali, hayaƙinta na shigo mana, warin banda da man inji, warin da na shekara goma sha tara ina kai wa gida a rigata. Ta zo ɗan hawa, na ji tana roƙon a sauke mata giya, mutumin bai ji ba sai da ta fara shaƙewa, sannan ya gurza. Igiya ta ci naman ƙafata. Ban san tsawon tafiyar da muka yi a haka ba. Can sai Alhaji ya ce, a hankali, "Wuce ta, Buba."

Rabon da ya kira ni da sunana tun muna yara. Na leƙa, hanya ba kowa, na taka. Ƙiftawar ido ɗaya muka wuce ta, ko rubutun goshinta ban samu na karanta ba. Na bi ta da kallo a madubi tana ƙanƙancewa har ta ɓace.

Daga Gumel hanya ta lalace, cikin motar ya yi ta gugar ƙasa, muka koma tafiyar hawainiya. Rana ta yi sanyi sanda muka baro Malam Madori. Da na fara hango rimayen gari da shanu suna dawowa daga fadama, sai tunanin kwanar gidana ya faɗo mini. Motar nan shiru take shiga kwana. Zan wuce ta bayan gidana kamar kowane baƙo, Hajara ba za ta ma ɗaga kai ba.

Sai na tuna ƙarfen giyar da Malam Isufu ya nuna mini, da wuraren da ya ce ba ruwana da su. Muna isa kwanar na rage gudu, na tura shi firi, na ba ta wuta sau biyu, na jawo shi har kan biyu. Ta yi gurnani ta shiga kwanar.

"Me kuma ya faru?" in ji Alhaji, ya riga ya dafe hula.

Na ce, "Ba komai. Sallama na yi."

Na kai shi gida, unguwa ta taru, aka kwance ni da wuƙa ana ta dariya. Na karɓi igiyar na sa a aljihu, na ɗauki sandata na tako. Tafiyar ba ta da nisa amma na daɗe ban yi mai tsawonta ba, ina gaya wa kaina muryar wata mota ce daban, ba yadda za a yi ta gane.

Na yi sallama na shiga. Hajara tana bakin murhu, ta ba ni baya. A kan wuta ga babbar tukunyar nan da ta shekara uku a kife a bayan ɗaki, tana tururi.

"Sannu da zuwa, Malam," in ji ta. "Ruwa ya yi zafi."

Na ce, "Wa ya gaya miki na dawo?"

"Wa kuwa zai gaya mini? Muryar ce dai ta sirance, amma ƙafar taka ce."

Sauran kun sani. Kwana tara bayan haka Alhaji ya matsa sai mun je Guri an gan shi, wani kututture ya fasa mata ciki, man giyarta ya tsiyaye. Makanikan nan har na Kano kowa ya leƙa sai ya ce bai san irinta ba. An aika neman ƙarfen gyaranta a ƙasar Turawa, wata na biyar ke nan. Duk Juma'a nakan je in ɗaga tampol, in kori kaji, in tayar da injin in saurare shi. Dangwalin yana rataye a ƙusa a ɗakina, Hajara ta hana a ɗaure akuya da shi.

Masu tambayata ko tana gudu, tana gudu, har ta fi yadda ake faɗa. Amma ranar da Allah ya kawo ƙarfen nan ba Gujungu zan nufa ba. Zan ɗan fita bayan gari ne kawai in jira rana ta yi sanyi, sannan in juyo in zo kwanar nan.